Dangina suna Najeriya, ni kuma na zama ɗan Amurka: za a ba ni izinin ganin bayanan sirri?

Tambaya: An haife ni a Kano, karatu ya kawo ni Amurka, kuma shekara shida ke nan da na karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Wani kamfani da ke yi wa Ma'aikatar Tsaro kwangila ya ɗauke ni aikin injiniyan kwamfuta, da sharaɗin sai gwamnati ta tantance ni ta ba ni izinin ganin bayanan sirri. Mahaifiyata da yawancin 'yan'uwana suna gida, ina aika mata kuɗi duk wata, ina da kaso a gidan gadonmu, fasfo ɗina na Najeriya bai ƙare ba, kuma ƙanena hafsan soja ne. Abokai sun ce kada in ɓata lokacina, wai ba a ba wanda aka haifa a waje. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Malam, abokanka sun faɗi abin da ba haka yake ba a doka. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 12968, wanda Bill Clinton ya sa wa hannu a shekarar 1995, shi ne tushen wannan tantancewa, kuma sharaɗin da ya gindaya shi ne mutum ya kasance ɗan ƙasar Amurka, ba tare da ya bambanta wanda aka haifa a Texas da wanda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa yana da shekara arba'in ba. Umarnin ya ma hana a yi wa mai nema wariya saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar asali. Sai dai duk abubuwan da ka lissafa suna da gurbi a cikin fom ɗin da za ka cike, kuma kowanne za a auna shi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, fasfon da mutane suka fi tsorata da shi ya fi sauran sauƙi a yau, aikin ƙanenka kuwa ya fi komai nauyi.

Kafin a shiga bayani dalla-dalla, ya kamata ka san a kan wace ƙafa kake tsaye. A shekarar 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Ma'aikatar Sojan Ruwa da wani ma'aikaci mai suna Egan, inda ta ce wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne, kuma idan za a yi kuskure, gara a yi shi ta wajen hanawa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, lamarin ya saɓa da shari'ar laifi, inda gwamnati ce za ta tabbatar da laifin wanda ake tuhuma. A nan, da zarar gwamnati ta nuna cewa kana da alaƙar da ke tayar da damuwa, nauyin kawar da damuwar ya dawo wuyanka, kuma duk shakkar da ta rage ana warware ta ne ta ɓangaren tsaron ƙasa. Wani umarnin da ya girmi wancan, mai lamba 10865 na shekarar 1960, ya fayyace cewa hana izinin ba hukunci ba ne a kan biyayyar mutum ga ƙasa. Wannan jimla tana da muhimmanci, domin yawancin waɗanda aka hana saboda dangi babu wanda ya zarge su da cin amana.

Ma'aunin da ake aiki da shi yanzu shi ne wanda ofishin Daraktan Leƙen Asiri na Ƙasa ya fitar da sunan SEAD 4, wanda ya fara aiki ranar 8 ga Yuni, 2017. Yana ɗauke da ƙa'idoji 13, daga A zuwa M, da suka haɗa da bashi, da shaye-shaye, da aikata laifi, da sauransu. Biyu ne suka shafe ka kai tsaye. Ƙa'ida ta B tana magana a kan tasirin ƙasar waje, wato ko akwai mutane ko dukiya a waje da za a iya bi ta kansu a matsa maka. Ƙa'ida ta C kuma tana magana a kan fifita ƙasar waje, wato ko ayyukanka na kanka suna nuna ka fi karkata ga wata ƙasa. Ta biyun tana hannunka, kana iya gyara ta. Ta farkon ce mai wuya, domin mutum ba ya zaɓen inda mahaifiyarsa take zaune.

Tambayar da mai yanke hukunci yake yi wa kansa a ƙarƙashin ƙa'ida ta B ita ce: idan wani ya kama wanda wannan mutum yake ƙauna, ko ya yi barazanar korar ɗan'uwansa daga aiki, ko ya ƙwace masa fili, sannan ya ce a ba shi wata takarda kafin ya saki, me zai faru? Shi ya sa ƙasar da dangin suke take da tasiri sosai. Ana duba ko gwamnatinta tana farautar sirrin Amurka, ko tana danne 'yan ƙasarta yadda za ta iya amfani da su, da kuma ko akwai ta'addanci a cikinta. Wanda iyayensa suke China ko Rasha ko Iran yana fuskantar tudu mafi tsayi, saboda a can gwamnati ce da kanta abin tsoron. Najeriya ba ta cikin wannan sahu, ƙasa ce da ke da hulɗar tsaro da Amurka. Abin da alƙalan da ke sauraron ƙararrakin wannan izini suke kawowa a kanta shi ne Boko Haram, wadda Amurka ta sanya cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci a watan Nuwamba na 2013, da reshen ISIS na Afirka ta Yamma, da garkuwa da mutane don kuɗin fansa, da cin hanci. Suna ɗauko waɗannan bayanai ne daga rahotannin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, kuma kai ba za ka ci riba ba idan ka tsaya musanta su. Abin da zai amfane ka shi ne bayanin halin da naka dangin suke ciki: dattijuwa da ke zaune a cikin birnin Kano, ba ta aikin gwamnati, ba ta san komai game da aikinka ba, matsayinta daban yake da na wanda ke zaune a ƙauyen da 'yan bindiga suke karɓar haraji.

Matsayin ƙasa kuma yana sauyawa. Wanda danginsa suke Nijar ya ga haka da idonsa, domin kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙasar tana cikin manyan ƙawayen Amurka a yankin Sahel, da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, amma a 2024 sojojin Amurka suka kwashe kayansu, gwamnatin soja kuma ta matsa kusa da Rasha. Danginsa ba su canja ba, amma idon da ake kallonsu da shi ya canja.

Yanzu mu zo ga fom ɗin, wanda ake kira SF-86, ana kuma cike shi ta intanet bayan kamfaninka ya gabatar da sunanka, domin mutum ba ya nema wa kansa wannan izini. Sashe na 18 shi ne na dangi, kuma a nan ne ɗan gidan Hausa yake shan wahalar da wanda ya tsara fom ɗin bai hango ba. Ana son sunan uwa da uba, da matar uba, da mijin uwa, da 'ya'ya, da agololi, da 'yan'uwa shaƙiƙai, da 'yan uba, da waɗanda kuka haɗa uwa kaɗai, da surukai, da wanda ya riƙe ka, rayayyu ko matattu. Idan mahaifinka ya yi mata uku ya bar 'ya'ya ashirin, to, duka ashirin ɗin za su shiga, kowanne da ranar haihuwa, da adireshi, da wurin aiki, da yawan yadda kuke magana, da kuma ko yana da alaƙa da gwamnati, ko soja, ko hukumar tsaro ta wata ƙasa. Mutane da yawa suna rubuta 'yan ɗakinsu kawai su bar 'yan uba, ba da nufin ɓoyewa ba, sai don ganin ba su shaƙu ba. Wannan kuskure ne mai tsada. Rashin shaƙuwa hujja ce da za ta taimake ka, amma sai ka rubuta sunan tukuna sannan ka faɗe ta. Inda ba a san ainihin ranar haihuwa ba, fom ɗin yana da wurin nuna cewa ƙiyasi ne, da wurin ƙarin bayani. Haka nan idan ana rubuta sunan mutum ɗaya Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ana kiransa da laƙabi ko sunan gari, a bayyana. Shawarata ita ce ka kira babban wanku ko wanda ke riƙe da takardun gado, ku zauna ku jera kowa kafin ka buɗe fom ɗin.

Sashe na 19 yana tambaya game da waɗanda ba 'yan Amurka ba da kake da kusanci ko hulɗa mai ɗorewa da su cikin shekara bakwai da suka wuce, waɗanda ƙauna, ko tasiri, ko manufa ɗaya, ko wani nauyi ya haɗa ku, kai ko matarka. Ba a nufin duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Amma aminin da kuke waya duk Juma'a, da kawun da ke kula da gidanka, da malamin da kake aika wa zakka, duk sun shiga. Idan kana kokwanto, rubutawa ta fi bari. Ka kuma sani cewa hukumar ɗaukaka ƙara ta Ma'aikatar Tsaro ta daɗe tana ɗauka cewa mutum yana da nauyin iyayen matarsa da 'yan'uwanta a kansa, sai in ya nuna akasin haka. Saboda haka idan daga gida ka yi aure, surukanka suna cikin lissafi.

Kuɗin da kake aika wa mahaifiyarka ba laifi ba ne, kuma alƙalai sukan faɗa a cikin hukuncinsu cewa kula da iyaye hali ne na kirki. Amma a idon ƙa'ida ta B, shi ne shaidar da ta fi kowace nuna ƙarfin igiyar da ke tsakaninku, kuma igiyar nan ce ake tsoron a ja. Ban ba ka shawarar ka daina ba, kuma dainawa wata biyu kafin bincike ba ta ruɗar kowa. Abin da ake so shi ne kuɗin ya bi hanyar da ke barin shaida, ta banki ko kamfanin aika kuɗi mai rajista, kuma ka iya cewa nawa ne, wa ake ba, don me. Bayar da daloli ga wani a nan domin ɗan'uwansa ya ba da naira a kasuwar Wapa abu ne da aka saba, amma yana da wuyar bayani a gaban mai bincike. Sashe na 20 yana tambaya ko ka taɓa tallafa wa wani ɗan ƙasar waje da kuɗi, kuma wannan tambayar ba ta da iyakar shekara bakwai. A nan tarbiyyarmu takan yi mana cikas, domin mun taso a kan cewa alherin da aka yi wa dangi ba a tallarsa, kuɗin makarantar marayun wanka ba abin faɗa ba ne. A wannan ɗaki dai dole a faɗa.

Game da gidan gado, abin da ake dubawa shi ne girmansa idan aka gwada da abin da ka mallaka a Amurka. Kaso ɗaya cikin goma sha biyar na gidan iyali a cikin gari, ga mutumin da ke da gida da ajiyar fansho a Maryland ko Virginia, ba abu ne da za a iya razana shi da shi ba, kuma ƙa'idar ta amince da wannan hujja a fili. Amma wanda ya tara fulotai a Abuja, ya gina gidan haya, yana da jari a kasuwancin ƙanensa, alhali a nan haya yake zaune, ya riga ya faɗa wa mai binciken inda zuciyarsa take shirin komawa. Idan kana da asusun banki a Najeriya, ka rubuta shi ko da abin da ke ciki kaɗan ne, kuma ka tuna cewa idan jimillar kuɗin da ke asusunka na waje ta taɓa haura dala 10,000 a cikin shekara, doka ta wajabta sanar da Ma'aikatar Kuɗi. Wanda bai yi ba ya buɗe wa kansa wata ƙofar ta daban. Asusun da ba ka bukata, rufe shi ya fi.

Maganar ƙanenka ita ce wadda zan so ka shirya mata sosai. Ɗan'uwa a cikin sojan wata ƙasa, ko 'yan sanda, ko hukumar tsaro ta farin kaya, ko babban muƙamin siyasa, yana tayar da damuwa iri biyu: ana iya matsa masa ta wurin aikinsa, kuma shi kansa yana cikin hukumar da za ta iya sha'awar abin da ka sani. Za a tambaye ka muƙaminsa, da sashen da yake, da yawan maganarku, da ko ya san aikin da za ka yi. Ƙaramin hafsa a sashen lafiya ko injiniya ba ɗaya yake da kanar a sashen leƙen asiri ba. Akwai waɗanda aka ba izini da irin wannan alaƙa, akwai waɗanda aka hana, kuma bambancin yakan fito ne daga muƙamin ɗan'uwan, da kusancinsu, da nauyin abin da mai neman ya kafa a Amurka. Kada ka rage masa girma a baki, kada kuma ka ce ba kwa magana alhali wayarka tana nuna akasin haka. Tun yanzu ka daina tattauna aikinka da shi da kowa a gida, ya isa su san kana aikin kwamfuta.

Fasfo kuwa, labarinsa ya canja. Daga shekarar 2000, bisa wata takarda da mataimakin sakataren tsaro Arthur Money ya fitar, duk mai fasfon wata ƙasa sai ya miƙa shi ko ya lalata shi kafin a ba shi izini, kuma daga nan ne yawancin abin da abokanka suka ji ya samo asali. SEAD 4 ta sauke wannan sharaɗi. Ta ce zama ɗan ƙasa biyu shi kaɗai ba ya hana izini, muddin babu karo da muradun Amurka kuma babu yunƙurin ɓoyewa. Abin da take bukata shi ne ka sanar da fasfon, kuma ka riƙa shiga Amurka da fita da fasfon Amurka. Sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe ƙasa biyu, saboda haka rantsuwar da ka yi a nan ba ta cire ka daga can ba, kuma a sashe na 10 na fom ɗin amsarka ita ce kana da ƙasa biyu, ko da fasfon ya ƙare. Za a iya tambayarka ko a shirye kake ka bar zama ɗan Najeriya idan an bukata. Ka yi tunanin amsar kafin ranar, ka faɗi abin da za ka iya cikawa. Kada ka je ofishin jakadanci da kanka don soke wani abu kafin ka yi magana da jami'in tsaro na kamfaninka, wato wanda ke kula da harkar wannan izini, domin wannan ma hulɗa ce da gwamnatin waje. Abin da ke jawo matsala a ƙarƙashin ƙa'ida ta C shi ne karɓar muƙami a gwamnatin waje, ko tsayawa takara, ko yi wa wata gwamnati aiki. Fom ɗin yana kuma tambaya ko ka taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen wata ƙasa, kuma zaɓen da ka yi bayan ka zama ɗan Amurka ya fi jan hankali. Idan ana maganar naɗa ka sarauta a gida, ka tambayi jami'in tsaron kafin rawani ya hau kanka. Hukumomin leƙen asiri irin su CIA da NSA suna da ƙarin tsanani, har da na'urar gano ƙarya, saboda haka abin da ya wuce a Ma'aikatar Tsaro ba lallai ya wuce a can ba.

Duk wannan ɓangare ɗaya ne na sikeli. A ɗaya ɓangaren ana ɗora abin da ƙa'idar ta kira dangantaka mai zurfi kuma daɗaɗɗiya a Amurka, wadda za ta sa a yi tsammanin idan aka tilasta maka zaɓi, ɓangaren Amurka za ka zaɓa. Shekarun da ka yi a nan, da mata da 'ya'ya 'yan ƙasa, da gida, da ajiyar fansho, da harajin da ka biya a kan kari, da zaɓen da kake yi, da hidimar da kake yi wa masallaci ko makarantar unguwa, da shaidar shugabanninka na aiki, duk suna shiga. Wanda ya yi aikin sojan Amurka, ko ya yi mata tafinta a fagen daga, yana da hujja mafi ƙarfi, domin an riga an gwada shi cikin haɗari. Shekara shida da zama ɗan ƙasa, a kan shekarun karatu da aiki da suka gabace ta, ba ƙaramin abu ba ne. A ganina tsarin yana ɗora wa baƙon haihuwa nauyin da ɗan gado ba ya ɗauka, alhali gwamnatin tana matuƙar bukatar masu jin Hausa da Larabci da Farisanci, kuma irin waɗannan mutane ba sa zuwa babu dangi. Amma kai da tsarin da ke ƙasa za ka yi aiki.

Abin da ya fi duk waɗannan kashe nema shi ne ɓoyewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a gaban hukumar DCSA ta Ma'aikatar Tsaro, wadda tun 2019 take gudanar da yawancin binciken, tana da bayanan shige da fice, kuma a matakin sirri na ƙoli tana zama da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki. Ɗan'uwan da aka rubuta matsala ce ta ƙa'ida ta B, wadda take da hanyoyin sassauci. Ɗan'uwan da aka ɓoye ya zama matsalar ƙa'ida ta E, wato rashin gaskiya, wadda ta fi wuyar wankewa, kuma ƙarya da gangan a fom ɗin laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar. Idan ka tuna wani abu bayan ka miƙa, ka faɗa wa jami'in tsaron nan take, ko ka fara ambata shi a zaman hira kafin mai binciken ya tambaya.

Ka shirya wa jinkiri. Masu dangi a waje sau da yawa ba sa samun izinin wucin gadi da ake bayarwa kafin a gama bincike, kuma rashin samunsa ba ya nufin an hana na dindindin. Ka tambayi kamfanin ko akwai aikin da ba na sirri ba da za ka riƙe kafin nan, kada ka ajiye aikinka na yanzu da gaggawa. Idan aka yi niyyar hanawa, za a aiko maka takardar dalilai a rubuce, kana da kwana 20 ka amsa, kuma a matsayinka na ma'aikacin ɗan kwangila kana iya neman zama a gaban alƙalin DOHA, wato ofishin sauraron ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro, ka kawo takardu da shaidu, sannan akwai hukumar ɗaukaka ƙara a sama da shi. Neman zaman ya fi barin a yanke hukunci a kan takarda kawai, kuma a wannan mataki ɗaukar lauyan da ya ƙware a fannin yana da amfani. Ofishin yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunayen mutane ba, kuma akwai da dama da suka shafi Najeriya, karanta su zai nuna maka irin hujjar da ke karɓuwa. Wanda aka hana yana iya sake nema bayan shekara ɗaya.

Idan aka ba ka, wajibin sanarwa yana ci gaba a ƙarƙashin wani umarnin mai suna SEAD 3. Duk tafiya waje, ko zuwa gida hutun Sallah ce, ko Hajji, ko Umara, ana sanar da jami'in tsaro kafin a tashi, haka ma sabon fasfo, ko sabuwar alaƙa ta kusa da wanda ba ɗan ƙasa ba, ko wani da ya yi ta bugun cikinka game da aikinka. Idan rasuwa ce ta taso da dare, umarnin ya yarda ka sanar da baki kafin ka kama hanya, ka cike cikakken rahoto cikin kwanakin aiki biyar bayan ka dawo.